Yadda Na Koyi Datse Bakin Ciyawa da Injin Lantarki a Birnin Kebbi

Bayan da na ajiye aikin koyarwa, abu na farko da na yi wa gidana da ke unguwar Gesse a Birnin Kebbi shi ne dasa ciyawa a farfajiya. Dalilina bai wuce zafi da ƙura ba, domin duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a garin nan ya san yadda siminti da rairayi ke shan rana su riƙe zafinta har bayan sallar Isha'i. Na samo kiri-kiri daga wani lambu a bakin fadama, muka dasa ta a farkon damina a fili mai tsawon mita 14 da faɗin mita 8. Hanyar intalok ta kewaye filin ta gefe biyu, dakalin siminti ya tare gefe na uku, na huɗu kuma ya yi iyaka da fangalin da uwargida ke shuka zogale da yakuwa, inda wani tsohon dogon yaro ke tsaye a kusurwa.

Kiri-kiri ta kama, har ta wuce yadda nake so. Ciyawa ce da ba ta san iyaka ba, saboda tana tafiya ta hanya biyu a lokaci guda: tana miƙa 'yan rassa a kan ƙasa waɗanda ke kafa saiwa a kowace gaɓa, tana kuma tura wasu ta ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Kafin watan Agusta ya ƙare ta hau intalok da kusan taku guda, ta shiga tsakanin duwatsun tana ɗaga su, ta kuma kutsa cikin yakuwar uwargida, abin da ya jawo mini magana fiye da sau ɗaya. Maigadinmu, mutumin wajen Kalgo ne da ya san aikin gona, yakan ɗauki lauje da kalme ya bi bakin filin a durƙushe, aikin mita 44 ya ci masa safiya biyu, kuma duk iya ƙoƙarinsa bakin yakan fito a karkace kamar askin da aka yi wa yaro yana kuka.

Ƙanena da ke kasuwanci a Legas ne ya ga wannan wahala da ya zo hutun Babbar Sallah, bayan wata biyu kuma sai ga saƙo a mota, an naɗe shi a buhu. Inji ne na hannu, wato tokumbo, daga Amurka, irin wanda masu sayar da kayan aikin lambu ke kira eja. Ya kamata in bambanta shi da 'yan'uwansa, domin maƙwabtana da yawa sun ɗauka injin aske ciyawa ne. Injin aske ciyawa wuƙarsa a kwance take juyawa, tana rage tsawon ciyawa a faɗin fili. Akwai kuma mai zaren roba da ake ratayawa a kafaɗa. Shi wannan wuƙarsa a tsaye take juyawa, kamar tayar keke, kuma aikinsa ɗaya tak: ya yanka siririn layi tsakanin ciyawa da abin da ta yi iyaka da shi. Yana da dogon mariƙi, da tayoyi biyu a baya da ƙarama ɗaya a gaba, da murfin da ya lulluɓe rabin wuƙar ta sama, da wani ɗan harshen ƙarfe a gefenta wanda ke bin jikin siminti don kada layin ya kauce. Wuƙar falalen ƙarfe ce mai tsawon inci 7 da rabi, wato kimanin santimita 19, kuma ba ta da kaifi irin na wuƙar mahauci. Da gudu take yanka, ba da kaifi ba.

Abin da ya tsare ni daga ƙone shi a ranar farko shi ne fuloginsa bai shiga soket ɗinmu ba. Namu mai baki uku ne irin na Ingila, nasa kuwa 'yan filaye biyu ne sirara. Jikana ya riga ya ruga ɗaki ya ɗauko adafta irin ta cajin waya, ni ma har na karɓa, sai zuciyata ta ba ni in duba takardar da ke manne a jikin injin tukuna. Na sa tabarau na karanta: folt 120, amfiya 12. Wutar da ake ba mu a Najeriya folt 230 ce. Adafta siffar baki kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan, saboda haka da na jona shi da ya sha kusan ninki biyu na abin da aka ƙera shi ya ɗauka, ya yi ƙara mai ƙarfi na ɗan lokaci, kwayil ɗinsa ya ƙone, a bar ni da hayaƙi da jin kunyar ƙanena.

Na kira mai gyaran wutar da ya saba yi mana aiki. Ya juya injin, ya karanta takardar, ya ce, "Baba, Allah ne ya taimake ka. A wata ɗaya nakan ga irin wannan sau biyu ko uku, firji ne, injin markaɗe ne, duk an kawo daga waje an soka kai tsaye." Ya nuna mini cewa idan aka ninka 120 da 12 za a samu wat 1,440, to dole ne ƙaramar taransifomar da za ta sauko da wutar ta fi haka da tazara mai kyau, domin a lokacin da inji ke tashi, da lokacin da wuƙa ta cije a ƙasa, yakan ja wuta fiye da abin da aka rubuta. Muka sayi mai wat 3,000. Na tambaye shi batun bambancin bugun wuta, tunda tamu 50 ce a daƙiƙa ta Amurka kuma 60, ya ce wannan irin injin mai aiki da kabon ne kamar giranda da injin huda bango, kuma irinsu ba su cika damuwa da wannan bambanci ba. Ya kuma nuna mini wata alama da ban lura da ita ba, murabba'i a cikin murabba'i, wadda ke nufin an lulluɓe kayan wutarsa har hawa biyu, shi ya sa fuloginsa ba shi da baki na uku na ƙasa.

A kan waya muka fi daɗewa, kuma a nan ne na ga yadda arha ke zama tsada. Ina da wata doguwar waya mai naɗi da muke jan fanka da ita zuwa zaure, na ɗauka za ta wadatar. Ya yanke bakinta ya nuna mini jan ƙarfen da ke ciki, siriri kamar zaren ɗinki, roba ce kawai ta yi mata kauri. Amfiya 12 a cikin irin wannan waya na tsawon mita 30 zafi take haifarwa, wutar da ke isa injin ta ragu, injin ya yi ta nishi yana ɗaukar zafi shi ma. Muka sayo waya mai kaurin milimita 2.5, guda ɗaya ba haɗi, launin ruwan goro don ido ya riƙa ganinta a cikin kore. Ya gargaɗe ni da in warware ta gaba ɗaya duk lokacin aiki ko da kusa zan tsaya, saboda wayar da ke naɗe ba ta samun iskar da za ta huce. Daga ƙarshe ya sa mini wata bireka ta musamman a soket ɗin baranda, wadda ke katse wuta nan take idan ta ji ta zurare ta wata hanya da abin da ya kai miliamfiya 30, ya kuma gwada ta daga can ƙarshen wayar ya tabbatar tana faɗuwa. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa. Wannan kuwa mutum take karewa. Tana da ɗan maɓallin gwaji wanda nake dannawa kafin kowane aiki. Ƙaramin janaretan nan namu na caji da kallon labarai, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ya ce kada ma in gwada shi.

Kwana huɗu ke nan da zuwan injin ban ko kunna shi ba. A rana ta biyar, wata Asabar a tsakiyar Satumba, aka kwana biyu ba a yi ruwa ba, ga wuta, sai na ce yau ce ranar. Na jira hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe, domin ba a haɗa wannan aiki da jiƙaƙƙiyar ciyawa: ga haɗarin wuta, ga santsi, ga laka da ke cushe murfin. Ni da maigadi muka bi bakin filin taku-taku da manjagara da bokiti, shi yana gaba yana buga ciyawar da sanda saboda kunama da maciji, waɗanda ke son sanyin gindin dakali a wannan lokaci. Abin da muka tsinto ya ba ni mamaki a gidan da nake ganin ana sharewa kullum: tsakuwa rabin bokiti, ƙusoshi shida da magina suka bari, murafen lemo, guntun wayar ɗauri, ƙashi, da wani cokali da uwargida ta yi wata uku tana zargin yara a kansa.

Sai batun sutura, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Na fito da kaftani da silifa kamar yadda na saba zama a gida, amma da na dubi wuƙar na dubi gefen rigata da ke lilo a daidai gwiwa, na koma ciki na sauya. Na sa wando mai kauri, da riga mai dogon hannu da na cusa a ciki, da takalmi sau-ciki mai tauri, da safar hannu, da farin tabarau na kariya irin wanda ke rufe har gefen ido, ba baƙin tabarau na masu walda ba wanda zai hana ni ganin layi. Na toshe kunnuwa, na ɗaura ƙyalle a hanci. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, yaƙi za a tafi?" Na ce mata ta tattara jikoki su shiga ɗaki, a ɗaure tumaki a bayan gida, kada kowa ya matso kusa da mita 15. A farfajiya irin tawa wannan na nufin kowa ya bar wurin ke nan. Na sa maigadi ya tsaya a bakin ƙofa, domin a gidan Bahaushe ba a rasa mai sallama, almajiri ne ko mai tallar nono, kuma mai riƙe da inji ba ya jin sallama.

Na ajiye taransifomar a baranda inda ruwa ba ya kaiwa, na saƙala bakin wayar a ƙugiyar da aka tanada a jikin mariƙi don kada fulogi ya fizge, na ɗora sauran a kafaɗa ta sauka ta bayana. Na fara daga kusa da soket ina nisantarsa, ta yadda wayar kullum tana baya a kan wurin da na riga na wuce, ba ta taɓa shiga gabana. Injin yana da matakan zurfi uku, daga inci 1 zuwa inci 1 da rabi, na zaɓi mafi ƙanƙanta. Na ɗora tayoyin a kan intalok, na daidaita harshen ƙarfen ya jingina da bakin dutsen, na danne mariƙi ƙasa har wuƙar ta ɗaga sama ba ta taɓa komai. Makunninsa biyu ne, dole sai an danna na babban yatsa kafin na ƙasa ya matsu, an yi haka ne don kada ya tashi bisa kuskure. Na matsa, na bar wuƙar ta kai cikakken gudunta, sannan na sauke ta a hankali cikin ƙasa.

Taku biyar na farko sun koya mini abin da babu wanda ya gaya mini. Hannuna ya saba da baro da garma, inda ƙarfinka ne ke aiki, saboda haka na tura. Nan take muryar injin ta sauya daga siririn kuka zuwa gurnani, mariƙin ya fara tsalle a hannuna, wuƙar ta nemi hawowa daga ramin. Na sassauta, muryar ta dawo. Daga nan na gane cewa da kunne ake tuƙa shi: muddin kukan na tashi siriri ba ya rawa, tafiyar daidai ce, da zarar ya yi ƙasa kuwa an yi gaggawa, sai a dakata ko a ɗan ja baya a bar wuƙa ta share gabanta. Tafiyar da ta dace ba ta fi ta mai rakiyar tsoho zuwa masallaci ba. Idan harshen ƙarfen na gogar siminti a hankali ana jin wani ɗan kaɗawa a tafin hannu, wannan shi ne alamar ana kan layi, amma idan aka ga tartsatsi to wuƙar ce da kanta ke cin dutse, sai a kauda ta kaɗan. Na kuma koyi tsayawa a gefen layin wuƙar maimakon bayanta kai tsaye, bayan da rairayi ya yi ta feshin ƙaurina.

Ban kai ƙarshen gefe na farko ba na ji wani sauti kamar an harba gwafa, sai tartsatsin gilashi. Wata tsakuwa da ta ɓuya a ƙarƙashin saiwa, wadda manjagara ba ta gani ba, ta tashi ta fasa gilashi ɗaya na tagar ɗakin baƙi, wadda ke daidai saitin wuƙar da nisan kusan mita 9. Da dare na zauna da biro na yi lissafi irin na tsohon malami. Takardar injin ta ce wuƙar na juyawa sau 4,700 a minti ɗaya. Idan aka ninka wannan da kewayen da'irar da bakinta ke zanawa, wato kusan santimita 60, za a ga bakin na tafiya da gudun da ya kusa kilomita 170 a awa. Tagar nan tsayinta daidai da fuskar jikana ne idan yana tsaye. Tun daga ranar, kafin in fara aiki nakan jingina tsohon falanki a jikin tagar, a fitar da mota waje, kuma batun shigar da yara ɗaki ya daina zama abin da ake yi mini dariya a kansa.

A gefe na biyu, inda ciyawar ta fi kauri, rassan kiri-kiri suka nannaɗe a gindin wuƙar har ta tsaya cik. Na saki makunni, na sunkuya, hannuna ya kusa kaiwa ga wuƙar kafin in tuna gargaɗin mai gyaran wuta cewa sakin makunni ba kashe inji ba ne, zare fulogi ne kashe shi. Na miƙe na zare, na riƙe bakin wayar a inda idona ke ganinsa, sannan na ciro ciyawar da guntun itace. Wannan doka ta fi muhimmanci a wurinmu saboda yadda ake ɗauke wuta ba sanarwa. Inji ya yi shiru a hannunka, ba ka sani ba ko cijewa ya yi, ko bireka ce ta faɗi, ko wutar ce ta tafi, kuma tana iya dawowa a daidai lokacin da ka kifar da shi kana dubawa gwiwarka na danne da mariƙi. Haka kuma wuƙar ba ta tsayawa da zarar an saki makunni, takan ci gaba da juyawa na 'yan daƙiƙu, don haka nakan bar ta a cikin ƙasa har ta yi shiru kafin in ɗaga injin ko in juya.

Tafiyar farko a mataki mafi ƙanƙanta ta buɗe layi kawai. Na sake zare fulogi, na sauke wuƙar zuwa mataki na uku, na bi layin karo na biyu, kuma wannan karon injin ya tafi sumul kamar ya san hanya. Da na fara da zurfin gaba ɗaya a bakin da bai taɓa ganin wuƙa ba, da na wahalar da shi na wahalar da kaina. A kwanar da intalok ya lanƙwasa wajen ƙofa ban yi ƙoƙarin murɗa shi yana cikin ƙasa ba, sai na riƙa ɗaga wuƙar ina gyara tsayuwa ina saukewa, ɗan guntu bayan ɗan guntu.

Gefen fangali ne ya fi wuya, domin babu siminti da harshen ƙarfen zai bi. Na ɗage harshen sama, muka kafa turaku biyu muka ja igiya, maigadi ya bi ta da toka daga murhu ya zana farin layi, sannan muka cire igiyar don kada wuƙa ta naɗe ta. Ƙasar wurin ta fi laushi saboda taki, tayoyin suna nutsewa, sai muka shimfiɗa dogon katako suka hau kai. Ina cikin jin daɗin yadda layin ke fita, sai na ji wuƙar ta ɗan yi tuntuɓe, ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙe mini wando. Na saki makunni na ja da baya, na ce wa maigadi ya kashe daga baranda kafin kowa ya taɓa waya ko inji. Bututun roba ne mai rabin inci da ke kai ruwa daga tanki zuwa fangali, wanda ni da kaina na sa aka binne shekara biyu da suka wuce, kuma ina tsaye mai aikin ya tona ramin da bai fi zurfin yatsa ba ban ce komai ba. Na tuna tsakuwa, na tuna ƙusa, na manta abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wayar da ke kai wuta ga fitilar bakin ƙofa ita ma a binne take, ba kuma na iya cewa ga ta inda ta bi. Washegari muka tone su duka biyun, aka mayar da su ƙasa da zurfin kamu biyu, wayar a cikin bututunta, na kuma zana taswirar farfajiyar a bayan wata tsohuwar kalanda na rataye a sito.

Bayan yanka akwai shara, kuma ba don kyan gani kawai ba. Kowane guntun reshen kiri-kiri mai gaɓa ɗaya, idan ya kwana a ƙasa mai laima, sabuwar ciyawa ce. Muka bi da shebur muka ɗaga abin da aka yanke daga kan intalok, ya taso kamar tabarma, muka kakkaɓe rairayin muka zuba wa tumaki, tunda ban taɓa fesa wa filin magani ba. Aka share ramin da tsintsiya ya fito fes, siririn layi mai duhu tsakanin kore da dutse. Duk da fasa gilashi da yanke bututu, aikin da ke cin safiya biyu ya ƙare kafin kiran sallar Azahar. Daga baya, da layin ya kafu, minti 25 ya ishe ni.

Sai dai kada wanda zai saya ya ɗauka injin zai raba shi da kiri-kiri. Wuƙar ba ta wuce santimita 4 a ƙasa, saiwar da ke tafiya ta ƙarƙashi kuwa tana nutsawa fiye da haka nesa, ta bi ta ƙarƙashin layin ta ɓullo a tsakiyar yakuwa. A gefen fangali dole muka binne jerin bulo a tsaye, wanda ya rage kutsen ya kuma ba harshen ƙarfen abin bi. A damina nakan bi bakin duk bayan mako biyu. Da rani ciyawar ba ta sauri, sau ɗaya a wata ya isa, amma ƙasar takan bushe ta yi tauri, ƙura ta turnuƙe gidan, saboda haka nakan ba bakin ruwa da yamma in yi aikin washegari da hantsi, lokacin da saman ya bushe ƙasan kuma na da sauran laushi. A hunturu nakan ƙara lura da tartsatsi, domin busasshiyar ciyawa da iska mai ƙarfi ba sa buƙatar ashana.

Rairayinmu yana cin ƙarfe. Kafin damina ta biyu ta raba, wuƙar ta gajarce har ta kai wani ɗan rami da aka huda a jikinta don nuna lokacin sauyi, mataki na uku ya koma yanka kamar na farko. Na zaga shagunan kayan gini a cikin gari ban samu irinta ba. Wani mai walda ya ce in kawo ya yanko mini daga tsohon sifirin na mota, kuma na san hannunsa na da kyau, amma na ƙi. Ƙarfen da ke juyawa sau 4,700 a minti, idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da kaɗan ne, girgiza zai yi har ya cinye boris, idan kuma ya tsage ba wanda ya san inda guntun zai nufa. Na jira mako uku ƙanena ya aiko da guda uku daga Legas. Sauyawar ba wuya: a zare fulogi, a sa safar hannu, a tokare wuƙar da guntun katako, a kwance noti da sifana, a lura da yadda wasoshin suka jeru don a mayar da su haka, a ɗaure tamau, sannan a juya ta da hannu a ga ba ta gogar murfi.

Yanzu maigadi ne ke yawan yin aikin, ni ina zaune a baranda kusa da makashin wuta. A makonsa na farko na same shi ya naɗe makunnan biyu da robar tayar keke. Ya ce, "Alhaji, yatsana ne ke gajiya." Na sa ya kwance, na ce ya yi tunanin ranar da zai yi tuntuɓe injin ya kuɓuce masa yana ci gaba da gudu shi kaɗai a tsakar gida, ko a ɗauke wuta ya jingine shi ya tafi alwala a dawo da ita. Bai sake ba. Idan ya gama yakan zare fulogi, ya kankare lakar cikin murfi da itace, ya goge ƙofofin iskar injin da busasshen burushi ba tare da ruwa ba, ya shafa wa wuƙar ɗan baƙin mai saboda tsatsa, sannan ya bi wayar da tafin hannu daga farko zuwa ƙarshe yana neman inda ta kurje. Sau ɗaya ya samu inda ɓera ya ɗanɗana ta a sito, muka yanke wurin muka sa sabon fulogi maimakon naɗe ta da salatif, tun daga nan kuma a ƙusa muke rataye ta tare da injin, sama da inda hannun yaro ke kaiwa.

Kusurwar dogon yaro ce kawai injin bai taɓa shiga ba. Saiwoyin bishiyar sun taso sama suna kwance a cikin ciyawa, wasu sun kai kaurin damtse, kuma sau ɗaya da na matsa kusa wuƙar ta daki ɗaya injin ya yi tsalle ya kusa fizge mini kafaɗa. Na kafa ɗan turke taku uku kafin bishiyar ta kowane gefe, nan ake sakin makunni. Ragowar mita biyun maigadi ke gamawa a durƙushe da laujensa, ni kuma in bi bayansa da tsintsiya.